"Sun sa min suna miskila, maigidana kuma ya ce ba na buƙatar kowa"

Assalamu alaikum Anti. Ni malamar lissafi ce a wata makarantar lise, wato babbar sakandare, a nan Garwa ta ƙasar Kamaru, shekaruna 28. A Ngaundare na tashi, aure ya kawo ni nan shekara biyu da suka wuce. A gidan gandu muke, tare da Inna mahaifiyar maigidana da matan yayyensa biyu. Ina da ɗiya 'yar wata 8.

Tun ina ƙarama ni ba mai yawan magana ba ce. Ina son in kaɗaita in yi karatu ko tunani, kuma ba na yanke shawara sai na juya abu ta kowace fuska. Idan na dawo daga makaranta, bayan na wuni da ɗalibai sama da 80 a aji guda, ba abin da nake so irin in shiga ɗaki in rufe ƙofa. Su kuwa a tsakar gida ake komai, hira da kitso da gyaran kayan miya. In na zauna cikinsu rabin awa sai kaina ya yi nauyi. Biki kuwa tun ana saura kwana uku gabana ke faɗuwa.

Yanzu sunana a gidan miskila, wasu na cewa girman kan boko ne. Abu biyu suka ƙara dagula lamarin. A watan Afrilu, yarinyar na da wata 2, na tarar Inna za ta ba ta ruwa saboda zafi, sai na karɓe kofin a gaban baƙi na ce likitoci sun hana. Tun ranar ba ta ɗaukarta sai an miƙa mata. Da na koma aiki kuma sai na ɗauki mai raino don kada in ɗora wa kowa nauyi. Na biyu, a taron adashin dangi na lura lissafin Adda, yayar maigidana, ya yi giɓin jaka 15, wato sefa dubu 15, na faɗa a wurin. Daga baya an gano kuskuren rubutu ne, amma ta yi kuka ta ce na mai da ita ɓarauniya.

Maigidana mutumin kirki ne, ɗan kasuwa, mai jama'a. Kullum cewa yake in saki jiki. Kwanan baya ya ce min, "Ke kamar ba ki buƙatar kowa, har da ni." Gaskiya ne ba na tambayarsa kuɗi, ba na kai masa kuka, amma ni a ganina sauƙaƙa masa nake yi. Na kuma ji ƙishin-ƙishin ana ba shi shawarar ya ƙaro mace mai fara'a.

Na yi wani gwajin hali a intanet, ya nuna ni INTJ ce, wato mai son kaɗaici da nazari, wai irinmu haka muke, ba ma canzawa. Anti, laifina ne? In tilasta wa kaina in zama wata, ko in nemi ya raba mana gida?

Wata 'yar'uwa daga Garwa

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya raya ɗiyarki bisa sunna, ya yi wa aikinki albarka. Hanya biyu kika ajiye min a ƙarshen wasiƙarki, kuma tun yanzu zan gaya miki ban zaɓar miki ko ɗaya ba. Ba na so ki zama wata, ba na kuma so ki tattara kayanki a wannan lokacin. Sai dai ki yi haƙuri da ni, don akwai inda zan tsaya a bayanki, akwai inda zan ja miki kunne.

Gajiyar da kike ji idan kin daɗe cikin mutane gaskiya ce, kuma ba ke kaɗai ke jin ta ba. Tun 1921 wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Suwizalan, Karl Yung, ya yi bayanin cewa akwai mutanen da hankalinsu ya fi karkata waje, ga jama'a da abin da ke gudana, akwai kuma waɗanda nasu ya fi karkata ciki, ga tunani da nazari. Na farkon hira ce ke wartsakar da su. Ina kyautata zaton maigidanki ko ya wuni yana ciniki, da dare ma majalisa yake nema. Na biyun kuwa hira na cin ƙarfinsu ko da suna jin daɗinta, sai sun ɗan kaɗaita sannan su dawo daidai. Wannan daban yake da tsoron mutane. Macen da ke tsayawa gaban allo kullum ta riƙe aji mai ɗalibai 80 ba matsoraciya ba ce, shiru-shiru ba tsoro ba ne. Kawai kafin ki iso ƙofar gida kin riga kin ƙarar da guzurin maganarki na wunin a makaranta.

Batun gwajin kuwa, kada ki ba shi matsayin da bai kai ba. Waɗannan haruffa huɗu sun samo asali ne daga wasu Amurkawa biyu, Katharine Briggs da 'yarta Isabel Myers, da suka ɗauki tunanin Yung suka tsara tambayoyi a shekarun 1940, suka kasa mutane gida 16. Yana da amfani wajen sa mutum ya kalli kansa, na kuma san sanyin da kika ji da kika karanta bayanin kika ga ashe akwai irinki. Amma masana halayyar ɗan Adam da yawa suna sukarsa, don mutum kan sake gwajin bayan 'yan makonni ya fito da wasu haruffan. Ke malamar lissafi ce, za ki gane matsalar da sauri: hali kamar tsawo yake, akwai dogo akwai gajere, amma yawancin mutane a tsaka-tsaki suke, gwajin kuwa layi yake ja a tsakiya ya ce kowa ya faɗa ɓangare guda. Shi kansa Yung ya ce babu mutumin da yake tsantsar ɗayan biyun. Saboda haka wannan "ba ma canzawa" ki ajiye ta. Son kaɗaici da son nazari za su daɗe tare da ke, kuma ba abin kunya ba ne. Yadda kike gaisuwa, da inda kike faɗin gaskiya, da wanda kike bari ya taimake ki, waɗannan duk koyo ne, kamar yadda kika koyi riƙe aji.

Abin da ya sa ni tunani a wasiƙarki shi ne, ai ba a garin da ake ƙin shiru kike ba. A nan Garwa, inda Bahaushe da Bafulatani suka cuɗanya har ba a rabewa, kowa ya san fulako: semteende da munyal da hakkiilo, wato kunya da haƙuri da hankali. Mace mai kamun baki abar yabo ce a wurinmu tun kakanni. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya yi imani da Allah da ranar lahira ya faɗi alheri ko ya yi shiru. To me ya sa naki shirun ya zama abin tsegumi?

Bari in ba ki labarin mahaifina, Allah ya jiƙansa. Maɗinkin hannu ne, mai aikin wuyan babbar riga. Zai wuni a zaure da allura da zare, in an ƙirga maganganunsa daga safe zuwa magariba da wuya su cika 20. Ban taɓa ganinsa a majalisa ba. Duk da haka ban taɓa jin wanda ya kira shi mai girman kai ba, kuma sai da na girma na gane dalili. Ba a jana'iza a unguwarmu ba ya cikin sahu. Maƙwabci ya kwanta ciwo, zai je ya zauna a gefensa 'yan mintuna, ya yi addu'a, ya tura abin da ya sawwaƙa ƙarƙashin matashi, ya taso. Yaro ya gaishe shi, sai ya ɗago daga ɗinkin ya kira sunan yaron. Mutane sun yafe masa hira saboda ƙafarsa da fuskarsa sun biya masa. Ki duba hadisin da Muslim ya ruwaito a kan haƙƙoƙi shida na Musulmi a kan ɗan'uwansa: sallama, amsa gayyata, nasiha idan ya nema, addu'a idan ya yi atishawa ya gode wa Allah, dubiya, da rakiyar gawa. Babu ko ɗaya a ciki da ke buƙatar surutu.

Su mutanen gidanku ba sa ganin abin da ke cikin kanki. Ƙofa suke gani. Kuma a gidajenmu, tun muna yara, rufaffiyar ƙofa da rana tsaka ma'anarta ɗaya ce: an yi fushi. Lokacin da kike amarya sun ɗauka kunya ce, sun yi ta jira ki ware. Shekara biyu ta wuce, ƙofar na nan yadda take, sai suka fassara ta da abin da suka sani. Ban ce sun kyauta da suka laƙaba miki suna ba, zunɗe a tsakar gida ba tarbiyya ba ce, kuma baƙuwar da aka ɗauko daga wani gari ta cancanci a ja ta a jiki. Amma ban ga mugunta a labarinki ba. Na ga mutanen da suke zaton kin raina su, da ke da kike zaton kina kare su daga nauyinki.

Yanzu ga jan kunnen. A duka abubuwa biyun da kika ba ni, ke ce mai gaskiya. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun ce a shayar da jariri nono zalla wata 6 na farko, ko ruwa kada a ba shi, har a ƙasashe masu zafi, don fiye da kashi 80 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne, ruwan da aka ba shi kuwa yana cika masa ciki ya rage tsotso, yana kuma iya kawo gudawa. Giɓin jaka 15 ma yana nan a takarda, ba ƙirƙira kika yi ba. Amma mai nazari irinki yana da wani tarko: da zarar idonsa ya ga kuskure, sai ya ji kamar gyara shi nan take wajibi ne, ya manta da wanda ke zaune a wurin. Ke lamba kika gani ba ta zauna daidai ba. Adda kuwa idanun dangi ta gani a kanta, ita da aka amince wa da kuɗin mutane. Magana zarar bunu ce. A aji aikinki ne ki gyara kuskure a kan allo kowa na kallo, a gida kuwa ba ɗalibanki ba ne, surukanki ne.

Gyaran na Adda bai da wuya, sai dai yana son ƙarfin hali. Ki same ta a gidanta, ke kaɗai, ki ce, "Adda, na yi kuskure da na yi maganar nan a cikin mutane, kamata ya yi in same ki a gefe. Ki yafe min." Kada ki ƙara da "amma ai lissafin bai yi daidai ba", ta riga ta sani. Sannan tunda a bainar jama'a aka ji mata ciwo, a bainar jama'a za a wanke ta: a taro na gaba ki buɗe baki ki ce kuskuren alƙalami ne da kowa kan yi, kuma ke ce kika yi gaggawa. Jimla biyu sun isa. Kada ki nemi a ba ki littafin adashin, ko da an tayin, don zai zama kamar kin ture ta. In ita da kanta ta nemi ki riƙa duba mata lissafi kafin taro, ki yi a ɗakinta. Daga yau kuma, duk kuskuren da kika hango wanda ba rai zai taɓa ba, ki bar shi ya kwana, washegari ki kai shi a sigar tambaya.

Maganar maigidanki ce ta fi damuna, don ina jin kuka ne ya yi miki da irin muryar da maza suka iya. An tarbiyyantar da shi a kan cewa namiji shi ne wanda ake nema: a ce masa gishiri ya ƙare, a ce masa yarinya ta kwana da zazzaɓi, a ce masa ga abin da ke damuna, me ka gani? Da wannan yake auna matsayinsa a zuciyar matarsa. Ke kuwa kina da albashinki, kina warware matsalarki a cikin kanki, sai dai ya ji sakamako. Kullum malmalar tuwo kike ajiye masa a gaba, shi kuwa yana so ya zauna kusa da murhu tun ana talge. Na yarda da niyyarki, sauƙi kike nema masa. Amma ki tsaya a wurinsa ki duba: matarsa ta ɗauki mai raino, ta tsara kuɗinta, ta shanye baƙin cikin sunan da danginsa suka sa mata, duk ba tare da ta jingina da shi ko sau ɗaya ba. Me zai ce wa kansa?

Ki zaɓi dare guda da yarinya ta yi barci, ki fara da maganarsa. Ki ce masa ta tsaya miki a rai, kuma ba haka ba ne, kina buƙatarsa, ba ki dai iya nunawa ba. Ki yi masa bayanin gajiyar nan kamar yadda kika yi min, har da ɗalibai 80 ɗin. Na lura alƙalaminki ya fi bakinki sakewa, to in kin ga maganar za ta sarƙe, rubuta masa a takarda ko ta WhatsApp, ki ce ya karanta sannan ku zauna. Ba aibu a ciki. Daga nan ki koya wa kanki kawo masa tunani tun bai nuna ba. "Ina tunanin kaza, ban gama yanke shawara ba, me ka gani?" Za ki ji nauyin faɗin haka da farko, don kin saba sai kin tabbatar kike magana. Ki daure. Ki kuma nemi abu a wurinsa, abin da da gaske kike so, ko da kina iya yi wa kanki.

Shi ma yana da nasa aikin, kuma ki gaya masa cikin ladabi. "Saki jiki" ba shawara ba ce da mutum zai san ta inda zai kama ta. Ki roƙe shi ya faɗa miki abu biyu ko uku takamaimai da in kin yi, zai ga kin kyautata wa danginsa. Shi ne ɗan gida, shi ya san inda kowa ke jin ƙaiƙayi. Kuma shi ya kamata ya zama bakinki a wurinsu. Idan ya ce wa mahaifiyarsa, "Inna, wuni take tana magana a aji, in ta dawo a bar ta ta ɗan huta", an gama, ba wanda zai ƙara cewa girman kai ne. Haka duk wani batu na lafiyar yarinya da ya saɓa wa abin da Inna ta saba, ta bakin ɗanta ya fi sauƙin shiga.

Ƙishin-ƙishin ɗin ƙarin aure, kada ki bi diddigin wanda ya faɗa, kada kuma ki gina komai a kansa. Ki tambaye shi kai tsaye a wannan zaman, ki saurari amsarsa. Ba zan yi miki alkawarin abin da ke zuciyar wani ba. Abin da na sani shi ne fara'ar da aka ƙirƙira don tsoron kishiya ba ta kai wata uku, kuma idan ta ƙare takan bar mace da haushin kowa. Duk abin da za ki gyara, ki gyara shi don haƙƙi ne a kanki kuma kina son zaman lafiyar gidanki.

A tsakar gida kuwa, abin da nake so ki gwada kaɗan ne, amma kullum. Da safe kafin ki fita, ki shiga ɗakin Inna ki durƙusa ki gaishe ta, ki tambayi kwananta da ƙafarta, minti biyar. In kin dawo kada ki zarce ɗaki. Ki tsaya ki yi sannu da gida, ki kira kowa da sunan da ake girmama ta da shi, ki zauna minti goma, wata rana da ɗan rake ko soyayyen kifin Binuwai a leda don yara. Sannan ki faɗa da bakinki, kowa na ji: "Kaina ya cika da hayaniyar ɗalibai, zan ɗan kwanta, zan fito kafin magariba." Ki kuma fito ɗin. In zai yiwu ki saki labule maimakon sa sakata. Hutun da kike ɗauka a ɓoye shi ne dai za ki ɗauka, amma yanzu an san dalilinsa da iyakarsa. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma ba ta cin ƙarfi kamar hira.

Idan kin fito, ki zo da aiki a hannu. Masu irin halinki sun fi sakewa in hannunsu na motsi: yankan kuɓewa, tsinkar zogale, tsintar shinkafa. Mai aiki ba a tuhumarta da shiru. Kuma kina da wata kyauta da ba kowa ke da ita a gidan ba. Cikin 'ya'yan facalolinki ba za a rasa mai shirin jarrabawar CEP ta ƙarshen firamare ko BEPC ta ƙaramar sakandare ba. Ki ware awa guda ranar Asabar ki zauna da su a tsakar gida da ɗan allo. Uwar da ta ga makin ɗanta ya tashi a lissafi ba za ta ƙara kallon bokonki a matsayin abin raini ba. A cikin facalolin ma ba sai kin zama aminiyar kowa ba. Ki duba wadda jininku ya fi haɗuwa, ki riƙa shiga wurinta ku biyu, don na san hirar mutum biyu ba ta gajiyar da ke kamar ta taro.

Biki kuma ki daina kallonsa a matsayin wuni guda da za ki jure. Ki je da wuri, lokacin girki, kafin a cika. Ki kama aiki, ki gaida manya ɗaya bayan ɗaya, ki miƙa gudummawarki, ki sanar da uwar biki tun farko cewa za ki koma bayan la'asar saboda goyo. An gan ki, an ga hannunki. Wasu bukukuwan na nesa ma aike ya wadatar. Rasuwa da rashin lafiya ne ba na so ki taɓa rashi, komai gajiya.

Akwai wata tambaya da nake so ki yi wa kanki tsakaninki da Allah, tunda ba ki daɗe da haihuwa ba. Kaɗaicin nan, irin wanda kika sani ne tun kina yarinya, wanda kike fitowa daga cikinsa da sauƙin rai? Ko kuwa a 'yan watannin nan ya canza kama? Idan kin ga karatun da kike so ya daina yi miki daɗi, barci ya ƙaurace ko da yarinya ta yi nata, abinci ya fita ranki, kuka na zuwa ba dalili, ko kina jin ba ki da amfani, kuma hakan ya wuce mako biyu, to wannan ba hali ba ne, yana iya zama ciwon damuwa na bayan haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mace 13 cikin 100 da suka haihu kan shiga irin wannan matsalar, a ƙasashe masu tasowa kuwa adadin ya kusa 20. Ana maganinsa. Ki faɗa wa likita ko ungozoma a inda kike kai yarinya rigakafi, ki kuma faɗa wa maigidanki. Masu zurfin ciki su ne aka fi daɗewa ba a gane suna wahala ba, don kowa ya saba da shirunsu.

Raba gida ba laifi ba ne a nema. Malaman fiƙihu sun yi magana a kan haƙƙin mace na samun muhallin da take da sirrinta, da sharuɗɗan da ke tattare da shi, kuma mace mai aikin da ke buƙatar shirya darasi da duba takardu tana da hujja. Amma in kika fita yanzu, da ciwon Inna da na Adda ba su warke ba, za a rubuta a tarihin dangi cewa ke kika raba ɗa da uwarsa, kuma ɗiyarki za ta tashi ta tarar da wannan labarin. Ki ba abin da na faɗa wata shida. In an samu sauƙi amma har yanzu wurin ya yi miki ƙunci, ku fara duba gyaran ɓangarenku, a ja ɗan katanga, a fitar miki da madafa. In hakan bai yiwu ba, sai shi ya kai maganar ƙaura da bakinsa, a matsayin shawararsa, zuwa unguwar da ba ta yi nisa ba, ku fita ana sa muku albarka. In kuwa kin yi naki amma aka koma cin mutunci da zagi, wannan wani babi ne, sai ki sanar da iyayenki a Ngaundare manya su shiga.

Na bar Inna a ƙarshe don da ita nake so ki fara. Ki tuna ranar nan da idonta. Watan Afrilu ne a Garwa, zafi ya haura digiri 40, manya ma ba sa rabuwa da randa. Tsohuwa ta ga jikarta na ta kuka, ta yi abin da ta yi wa duk 'ya'yan da ta raina, har da wanda kike aure, abin da uwarta ta koya mata cewa shi ne tausayi. Sai surukarta ta karɓe kofin a gaban baƙi. Da kin ce, "Inna kawo ta, ina jin nono take nema", kin ɗauke yarinyar cikin ruwan sanyi, da dare ɗanta ya yi mata bayani, da an tsira da lafiyar jaririya da mutuncin kaka gaba ɗaya. Bayan wannan kuma sai ga mai raino daga waje, a gidan da kaka ke zaune. Ke kin ce don kada ki ɗora nauyi. Ita abin da ta ji shi ne ba a yarda da hannunta ba. Da ta daina ɗaukar yarinyar sai an miƙa mata, ba ƙiyayya ba ce, fulako ne: ta ja jikinta don kada a sake kunyata ta.

Allah ya kawo miki mafita cikin sauƙi, don ɗiyarki ta wuce wata 6, yanzu tana shan ruwa tana shan kunu. Gobe da safe ki tafasa ruwa ki bar shi ya huce, ki zuba a kofi mai tsabta, ki goya yarinyar ki shiga ɗakin Inna lokacin da ba kowa. Bayan gaisuwa ki ce mata, "Inna, ranar nan ban kyauta ba da na karɓi kofi a hannunki gaban mutane. Tsoro ne ya kama ni, ban san yadda zan yi ba. Ki yafe min." Ki sauke yarinyar ki ɗora mata a cinya, ki miƙa mata kofin da hannu biyu, ki ce yanzu likita ya ce ta isa sha, kina so ita ta ba ta. Wataƙila ta ce ba komai ta kau da kai, wataƙila ta yi miki faɗan da ta daɗe tana riƙewa. Ko wanne ta yi, ki zauna ki saurara, kada ki kare kanki. Kafin ki tashi ki tambaye ta yadda take dama kunun gyaɗar da ta yaye 'ya'yanta da shi, ki kuma roƙe ta, in ba za ta takura ba, mai raino ta riƙa kawo mata yarinyar da hantsi tana sa musu ido har ki dawo.